Kano da Katsina: Gasar Cinikin Kayan Alatu Daga Ƙarni na 15 Zuwa Isowar Jirgin Ƙasa

Gabatarwa

Duk wanda ya buɗe ido a wannan zamani ya ga masu haɗa lefe daga Katsina da Maraɗi da Damagaram suna ɗaura niyyar Kano in suna son kaya na gani na faɗa, sai ya zaci tun fil azal haka abin yake. Kirarin da ake yi wa Kano ma yana ƙara ƙarfafa wannan zato, tun da ana ce mata tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka. Amma in aka koma ga tarihi sai a tarar ba haka ba ne. An yi wani dogon zamani, musamman a ƙarni na 18, wanda in basarake yana neman alkyabba ta kirki, ko attajiri yana son murjanin da zai sa a kayan ɗiyarsa, to Katsina aka fi dosa.

Maƙasudin wannan takarda shi ne a kwatanta cinikin kayan alatu a waɗannan birane biyu, waɗanda tsakaninsu bai wuce mil 100 da 'yan kai ba, kuma suka daɗe suna kishin juna. Tambayoyi uku zan yi ƙoƙarin amsawa. Ta farko, me ya ɗauke cinikin daga Kano ya kai shi Katsina? Ta biyu, me ya komo da shi? Ta uku, me ya sa da ya komo bai sake tashi ba? Amsar da muka saba ba ɗalibanmu ita ce jihadi ne ya durƙusar da kasuwar Katsina. A ganina wannan rabin amsa ce. Abin da nake son nunawa shi ne cinikin kayan alatu baƙo ne, ba ɗan gari ba. Yana sauka inda hanya ke da lafiya kuma hukuma ba ta matsa wa fatake, amma ba ya zama ɗan gida sai a garin da ke da abin hannunsa da zai biya da shi. Na dogara ne ga Tarihin Kano, wanda fassararsa ke cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, da bayanan matafiya biyu da suka ga biranen da idonsu, wato Clapperton a 1824 da Barth a 1851 da 1853, sa'an nan da binciken Yusufu Bala Usman a kan Katsina wanda aka buga a 1981.

Kayan Alatu da Masu Sayensu

Abin da nake nufi da kayan alatu shi ne kayan da rai ba ya salwanta don rashinsu, amma mutunci da muƙami ba sa bayyana sai da su. Iri biyu ne. Akwai na ƙetaren hamada, waɗanda raƙuma ke kawowa daga Tarabulus da Tunis da Masar: alkyabba da kufta da jabba, mulufi da alharini, jar dara, murjani da duwatsun wuya, turaren wardi da lubban da kanumfari, takarda, madubi da ruwan takobi. Akwai kuma na gida da na maƙwabta: rigar saƙi da ta tsamiya masu aiki, kore da turkuɗi, rigunan Nufe, takalma da kayan doki na dukawa, sai goron Gwanja.

Babban mai sayen waɗannan kaya fada ce. Sarki ba don jikinsa kaɗai yake saye ba. Da riga da rawani da alkyabba ake naɗa sarauta, da su ake sallamar malami da jarumi da manzon wani sarki. Ke nan tufa mai tsada makamin mulki ce. Bayan fada sai hakimai da attajirai, sai kuma matan manyan gidaje, waɗanda dukiyarsu takan kasance a murjani da zannuwa. Ya kamata kuma a faɗi abin da ake biya da shi ba tare da ɓoye-ɓoye ba: fatu da tufafi da hauren giwa da gashin jimina, amma babban kaso bayi ne. Ƙawar fadojin biranen biyu an saye ta ne da 'yancin mutane masu yawa.

Mafarin Gasar

Tarihin Kano ya nuna cewa a tsakiyar ƙarni na 15 ne hanyoyin fatauci suka fara haɗuwa a ƙasar Hausa. A zamanin Abdullahi Burja (1438–1452) aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja. A zamanin Yakubu (1452–1463) kuwa fataken Gwanja suka fara zuwa Katsina, Larabawa kuma suka iso, wasu suka zauna Kano wasu Katsina. Wato tun ran farko baƙi iri ɗaya biranen biyu ke zawarci.

Muhammadu Rumfa (1463–1499) shi ya kafa kasuwar Kurmi, ya gina gidan sarautar da har yau ake kira da sunansa, ya shigo da kakaki da figini da takalman gashin jimina, ya kuma fara kulle. Ba banza ba ne kasuwa da waɗannan al'adu suka zo a zamani ɗaya, domin fadar da ta ɗaukaka kanta haka dole ta bukaci kasuwar da za ta riƙa ciyar da wannan ɗaukaka. A zamaninsa ne kuma aka fara yaƙi da Katsina, aka shekara 11 babu wanda ya rinjayi wani. Yaƙe-yaƙen sun ci gaba jefi-jefi har kusan shekara 200. Sarkin Kano Kutumbi (1623–1648) a sanadiyyar yaƙin Katsina ya rasa ransa, kuma sai a zamanin Shekarau (1649–1651) malamai suka shiga tsakani aka yi sulhu. Daga nan gasar ta bar fagen fama ta koma kasuwa.

Zamanin Katsina

Abubuwa uku suka taru suka ɗaga Katsina. Na farko shi ne mazauninta. Ita ce ta fi kusa da bakin hamada, ayarin da ya taso daga Agadas ya ratso Damargu ita yake fara tararwa. Da daular Sanwai ta faɗi a hannun sojojin Maroko a 1591, ciniki mai yawa ya bar hanyar Tambutu ya karkato gabas, hanyar Azbin ta ƙara albarka, Katsina kuwa tana bakin ƙofarta.

Na biyu shi ne halin da Kano ta shiga. Kwararrafa sun auka mata fiye da sau ɗaya a ƙarni na 17, sa'an nan a farkon ƙarni na 18 ta yi fama da Zamfara da Gobir da Barno. Yaƙi kuwa kuɗi yake ci. Muhammadu Sharefa (1703–1731), wanda a zamaninsa wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa, ya ƙirƙiro haraji iri-iri. Magajinsa Kumbari (1731–1743) ya ɗora wa kasuwar Kurmi haraji har ta kusa mutuwa, ya kuma karɓa har daga hannun malamai. Tarihin Kano da kansa ya ba da labarin cewa Larabawa sun tashi sun koma Katsina, talakawa da yawa kuma suka gudu ƙauyuka. Wannan shaida tana da nauyi ƙwarai, domin daga bakin marubucin Kano ta fito, ba daga abokin gāba ba. Ya kamata a lura cewa babu wanda ya ci Kano da yaƙi ya kwashe kasuwarta. Hannun hukumarta ne ya yi nauyi, baƙi suka naɗe tabarmarsu.

Na uku shi ne irin tarbar da Katsina ta yi wa baƙi. Sunayen unguwanninta, irin su Albaba da Gambarawa da Tudun Malle, suna nuna cewa Larabawa da Wangarawa da sauran baƙi sun sami wurin zama na dindindin, ba zangon kwana biyu ba. Birnin kuma ya yi suna da malamai tun zamanin Ɗan Marina da Ɗan Masani, kuma inda malamai suke nan ake sayen takarda da littattafai, nan kuma baƙon attajiri ke da tabbacin alƙalin da zai duba ƙararsa. Ba mamaki da kirarinta ya zama ɗakin kara.

Sunan Katsina ya kai har gaɓar Bahar Rum. A 1789, da Lucas, wanda wata ƙungiyar Ingila mai binciken Afirka ta aika, ya tattaro labari daga bakin fataken Fazzan a Misrata, manyan dauloli biyu suka yi ta ambata masa, Barno da Katsina. Barth ma, wanda ya zo bayan ɗaukakar ta wuce, ya ɗauki Katsina a matsayin babban birnin wannan yanki a ƙarni na 17 da na 18, ta fuskar ciniki da ta mulki, har ya ce a nan ne Hausa da ladubban zama suka fi gogewa.

Juyin Ƙarni na 19

Jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya ci biranen biyu a lokaci kusan ɗaya, wajen 1807. To in jihadi ne kaɗai dalili, me ya sa ɗaya ta tashi ɗaya ta kwanta? Bambancin yana ga abin da ya biyo baya. A Kano, Sarki Alwali ya sha kashi a Ɗan Yaya, gidansa bai sake kafa wata daula a kan iyaka ba, kuma Ibrahim Dabo (1819–1846) ya murƙushe tawaye ya kakkafa ribaɗi, ƙasa ta zauna lafiya. A Katsina kuwa tsohon gidan sarauta bai mutu ba. Ya koma arewa ya kafu a Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa, ya haɗa kai da Gobirawa, aka shiga kai hari shekara da shekaru. Birnin da a da yake ƙofar hamada sai ya wayi gari ya zama bakin daga. Mazaunin da ya ɗaga shi, shi ne kuma ya kayar da shi. Ayari ya koma bin Damagaram ya faɗo Kano, attajirai suka bi ayari. Ba Larabawa kaɗai ba, har da Agalawa da Tokarawa, waɗanda da yawansu daga ƙasar Katsina suka gangaro ƙasar Kano suka riƙe fataucin goro. Daga cikin Agalawan nan ne aka sami Alhassan Ɗantata (1877–1955).

Matafiyan biyu sun ga sakamakon. Clapperton ya ƙiyasta mutanen Kano a 1824 tsakanin 30,000 da 40,000, ya kuma tarar da gidajen Katsina ba su cika ko kashi ɗaya cikin goma na filin da ganuwa ta kewaye ba. Barth a 1851 ya ba Kano 30,000, ya ce takan kai 60,000 a lokacin rani in ayari ya sauka. Katsina kuwa, mai ganuwar mil 13 zuwa 14, bai ga ta wuce mutum 7,000 ko 8,000 ba.

Yadda Ake Saye da Sayarwa

Yanzu bari mu shiga kasuwannin kansu. A Katsina Clapperton ya tarar da kasuwa biyu masu ci kullum, ta kudu inda mutanen Gadamas da Tuwat suka fi zama da alharini da ulu da duwatsun wuya, da ta arewa inda Buzaye suka fi yawa. Wato kasuwar ta kasu ne bisa ga asalin baƙin da suka kawo kaya, kamar yadda kasuwar zango takan kasance.

Kurmi kuwa ta kasu ne bisa ga irin haja. Kowace sana'a da layinta, rumfunan kaya masu tsada kuma suna jere kamar tituna. Sarkin kasuwa ke ba da hayar rumfa, yana kuma da ta cewa a kan farashi. A nan Clapperton ya ga takardar Faransa, da jan alharini, da murjani, da tufafin Larabawa har da kwancen manyan Magrib, da yadin Masar mai ratsin zinariya, da takubba. Shi kansa ya sayi koriyar laima ƙirar Ingila a kan riyal 3 na azurfa. Ya ga makaɗa suna jawo masu saye zuwa wasu rumfuna, ya kuma lura cewa mai sayarwa kan rage wa mai saye kashi 2 cikin 100 don neman albarka. Amma abin da ya fi muhimmanci shi ne dokar da ya bayyana game da tufafi. In aka sayi riga ko turkuɗi a Kano aka kai har Barno ba a kwance ba, sa'an nan aka tarar da aibi, ana iya komo da ita, domin sunan dillali yana rubuce a cikin ƙunshin, kuma dole ya nemo mai kaya a mayar da kuɗi. Wannan ita ce amanar da ta sa mutum zai sayi hajar Kano a ɗaure bai gani ba.

Duk da haka, a biranen biyu ba a rumfa ake ƙulla ciniki mafi tsada ba. Baƙon attajiri yakan sauka ne a gidan fatoma, wanda zai ajiye masa kaya, ya nemo masa masu saye, ya tsaya masa in za a ba da bashi, ya karɓi la'adarsa. Alkyabbar da za ta shiga fada a zaure ake buɗe ta. Matan kulle kuma dillaliya ke kai musu har ɗaka. Saboda haka dukiyar birni a wannan fanni ba yawan rumfuna ba ce, yawan mutanen da baƙo zai iya amince wa ne. Wannan ne ya sa in fatomomi da dillalai suka ƙaura, kasuwa takan bi su ko da ginin yana nan.

Akwai kuma batun kyauta ga sarki. A biranen biyu al'ada ce baƙo ya kai gaisuwa, kuma Barth ya kai a Kano kamar yadda ya kai a Katsina. Sai dai a Katsina a 1851 an tsare shi kwanaki, sai da ya ƙara a kan abin da ya fara bayarwa sa'an nan aka bar shi ya wuce. Fadar da kuɗin shigarta ya ragu dole ta matsa wa 'yan baƙin da suka rage, matsin kuma ya ƙara korar su. Ramin da Kano ta faɗa a zamanin Kumbari ke nan.

Abin da Ya Hana Cinikin Sake Tashi

Saura tambaya ta uku. Lafiyar hanya takan zo ta tafi, sarakuna ma haka. Abin da ya ɗaure cinikin a Kano shi ne masaƙa da marina. Ƙauyuka da garuruwan da ke kewaye da birnin suna noma auduga da baba, mata suna kaɗi, maza suna saƙa, marina da mabuga a wurare irin su Kura suna fitar da baƙin yadi mai ƙyalli wanda Buzaye ba sa iya zama ba shi. Barth ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, a lokacin da riyal guda ke kan wuri 2,500. Ya ce aƙalla kayan raƙumi 300 kan tafi Tambutu kaɗai, kuma saboda rashin lafiyar hanyar yamma sai su bi ta Gat da Gadamas da Tuwat, su ƙetare hamada sau biyu, amma duk da haka a ci riba. Da wannan ne Kano ke iya sayen akoko na Manchesta, da alharinin da aka rina a Tarabulus, da sukari, da ruwan takobi na Solingen ta ƙasar Jamus, wanda ya ce kimanin 50,000 kan shigo a shekara.

Ba wai Katsina ba ta da sana'a ba ne. An san ta da aikin fata, tabarta kuma tana da daraja har Tambutu. Amma waɗannan ba su isa su riƙe ayari ba. Da Barth ya komo Katsina a 1853 yana shirin tafiya Sakkwato da Tambutu, a nan ya yi sayayyar guzurin kyauta, kuma mafi yawan riguna da zannuwan da ya saya aikin Kano ne da na Nufe. Wato ko a cikin Katsina, hajar Kano ce kuɗi. Balaraben da ya bar Kano a zamanin Kumbari ya koma Katsina bai yi asarar kome ba, amma jikansa na ƙarni na 19 ba shi da inda za shi, domin abin da zai ɗora wa raƙumansa in zai koma gida a Kano ake yin sa.

Zuwan Turawa a 1903 bai sake wannan tsari ba, ƙarfafa shi ya yi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, shekarar da Italiya ta auka wa Tarabulus, sai fataucin hamada ya shiga gargara. Kaya suka koma shigowa ta teku ta Legas, kamfanonin Turawa da Kwarori suka buɗe kantuna a wajen ganuwa, gyaɗa ta maye gurbin turkuɗi a matsayin abin biya. Layin dogo bai shiga birnin Katsina ba. Ta sami Kwaleji, ta zama uwar ilmin zamani a Arewa, amma kasuwa ta riga ta tafi.

Kammalawa

Mun ga cewa cinikin kayan alatu ya bar Kano a ƙarni na 18 saboda yaƙi da nauyin haraji, ya bar Katsina a ƙarni na 19 saboda hanya ta lalace, sa'an nan ya kafu a Kano saboda ta haɗa amanar dillalai da sana'ar hannu. Ba baiwa ce da aka halicci wani birni da ita ba.

Wannan ya kawo mu ga wata tambaya da nake son mahalarta wannan taro su duba. Yawancin masaƙun zamani da aka kafa a Bompai da Sharaɗa da Challawa sun rufe tun daga ƙarshen ƙarni na 20. Shaddar da ake taƙama da ita a Kantin Kwari daga Turai take zuwa, atamfa mai tsada daga Holan, mafi yawan sauran kuma daga ƙasar Sin. Ma'ana, Kano ta yau ta fi kama da Katsinar ƙarni na 18 fiye da Kanon da Barth ya gani: babban zango ne na hajar wasu, wanda ƙarfinsa ya rataya ga hanya da amana da sassaucin hukuma. A 2021 an aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi wanda zai ratsa Katsina, wato tsohuwar hanyar ayari ce za ta farfaɗo da sabon kama. Ko wannan zai sake juya akalar ciniki, lokaci ne zai nuna. Amma masu tsara haraji da masu gina sababbin kasuwanni a jihohin biyu ya kamata su tuna da Kumbari da kuma Maraɗi, domin Hausawa sun ce gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.